Iya Barakatu da Kajinta Masu Kwalli

Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, duk wanda ya bi ta bakin tur'ar Hillat Muntari, magudanar ruwan noma ta ƙauyenmu, da sassafe zai tafi hawasharsa, wato gonarsa, muryar Iya Barakatu zai fara ji kafin ya hango katangar gidanta. Sauran mata watsa tsaki suke yi kowace kaza ta zo ta ci rabonta. Ita kuwa suna take kira, ɗaya bayan ɗaya, kamar malami a gaban aji. Tana idar da sallar asuba, ko shayi ba ta kurɓa sai ta shiga wajen akurkai. Kowane zakara da matansa suna da nasu shinge na karan dawa, kuma ba ta buɗe na biyu sai ta rufe na farko. Ta zubar da ruwan jiya, ta cuɗe kaskon da toka, ta zuba sabo daga randa. Sa'an nan ta jira rana ta ɗan ɗago. Da haske ya isa, sai ta riƙa ɗaukar kajin ɗai-ɗai, ta juya wa rana baya, ta buɗe fiffike tana duba gashi kamar mace mai duba tob, mayafin matanmu, a kasuwar Hajj Abdalla. Wadda ta gamsar da ita ta ɗaura mata jan zare a ƙafa. Wadda take shakka a kanta, koren zare. Wadda ba zare, tukunya ce makomarta ko kyauta. Sai hantsi ya yi take zama ta hura gawayin jabana, wato gahawa.

A wannan watan ta ajiye aikin. Ba a tara mutane ba, ba a yanka ko ɗan akuya ba, babu wanda ya tashi ya yi jawabi. Ni da nake rubuta wannan na koyar a makarantar ƙauyen shekara ashirin da biyu, gidana na uku ne daga nata, kuma ina cikin waɗanda ya kamata su yi magana tuntuni amma suka kama bakinsu. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ko da yake na san na makara.

Daga wani ƙauye kusa da Roseires aka kawo ta amarya, gidan Hashim, mai hawashar auduga da gyaɗa. Cikin kayanta akwai kaza guda da mahaifiyarta ta ba ta, launinta ruwan toka mai ɗan shuɗi-shuɗi, irin launin hadari lokacin da ya fara haɗuwa ta gabas. Ba a saba ganin irinta a wannan yanki ba. Barakatu ta so ta yawaita irin. Ta haɗa ta da baƙin zakaran gidan, rabin 'yan tsakin suka fito toka, rabi baƙaƙe. Ta ce to, laifin zakara ne. Da suka girma ta zaɓi zakara toka da sagara toka, ta haɗa su, tana jiran ta ga toka zalla. Ranar ƙyanƙyasa ta leƙa akurki ta tarar da toka shida, baƙaƙe uku, da wasu farare guda uku masu ɗigo-ɗigo kamar an yayyafa musu tawada.

Hashim, Allah ya jiƙansa, ya leƙa ya kwashe da dariya. “Barakatu, kazarki dai tana yawo. Zakaran gidan Sabah ne ya riga naki.”

“Malam, ko ƙofa ba ta fita ba.”

“To aljanu ne.”

Maƙwabciyarta Sabah ma cewa ta yi baki ne ya kama kazar, a nemi rubutu a ba ta. Barakatu ba ta yi musu da kowa ba. Ta sa aka yanko mata kara, ta yi shinge mai rufi wanda ko ɓera sai ya yi dabara, ta sake gwadawa. Haka dai. Ta sake a shekara ta gaba, da wadda ta biyo ta. Duk sanda toka ya hau toka, cikin kowane huɗu sai a sami kamar biyu toka, ɗaya baƙi, ɗaya mai yayyafi. Wani zubin lissafin ya ɗan karkace, amma in ta haɗa na shekara duka sai ya dawo daidai. Ba ta yi boko ba, ba ta rubuta komai ba. Ƙulli take yi a zare, kowane launi da zarensa, ta rataye a ƙusa.

A shekara ta bakwai ne Allah ya buɗe mata. Ta ware waɗanda ba ta so, baƙin zakara guda da masu yayyafi biyu, ta zuba su a shinge ɗaya tana kiwata su don baƙin Sallah. Ɗaya daga cikin masu yayyafin ta yi ƙwai ta hau kwanci, Barakatu ta ji tausayinta ta ƙyale ta. Bayan kwana ashirin da ɗaya ta ɗaga ta. 'Yan tsaki goma sha ɗaya, dukkansu toka, babu baƙi ko ɗaya, babu fari ko ɗaya. Sabah ta ce da idonta ta ga Barakatu ta fito a guje ba takalmi, tob yana jan ƙasa, ta bi gefen tur'a har hawasha. Hashim ya yar da fartanya ya tare ta yana salati.

“Wa ya rasu?”

“Malam, na gane! Tokan ba iri ba ne shi kaɗai. Rabi baƙi ne, rabi yayyafi. In kana son shi zalla, waɗanga biyu da muke rainawa za ka haɗa!”

Hashim ya dube ta. Ya ce, “Don wannan kika tsinka mani zuciya?” Amma da yamma shi ya ɗauki lauje ya yanko mata karan sabon shinge, ba ta roƙe shi ba.

Launi ya samu, saura ado. Cikin tokan akwai waɗanda kowane gashin jikinsu yake da siririn baƙin layi a gefe, ya zagaye shi tsaf kamar idon da aka ja wa kwalli. Su ta sa wa suna masu kwalli, kuma su suka cinye mata shekara ashirin. Wanda kwallinsa ya tsinke a ƙirji ba ta barinsa ya haihu. Wanda jan gashi ya ɓullo masa a wuya, abin da take kira tsatsa, ko da guda ɗaya ne, ya fita. Ƙafa sai mai launin dalma. Amma kyau shi kaɗai bai ishe ta ba. Kazar da ba ta iya kwanci, ko wadda shirwa za ta sauko ta tsaya tana kallonta, ba ta da zare a gidan Barakatu ko da ta fi kowa kwalli. Ta kan ce kaza ba hoto ba ce da za a rataye a bango.

Mu kuwa me muka yi? Dariya. Mun sa mata suna Hakimar Kaji, wato likitar kaji. In ta wuce majalisa sai wani ya yi cara a hankali, a bushe da dariya. Ana cewa mace da 'ya'ya biyar ta rasa abin yi sai leƙen gashin kaza. Amma matanmu sun san abin da ba mu sani ba. Ita ta koya musu cewa in aka haɗa kaza wake-wake da baƙin zakara, tun ranar ƙyanƙyasa za a gane namiji da farin tabo a ka, macen kuwa baƙa wuluk, mai kiwo ta san wanda za ta riƙe da wanda za ta kai kasuwa. Shekarar da annoba ta share kajin ƙauyen, har aka wayi gari babu cara sai a gida ɗaya, nata ne suka tsira, domin ba ta taɓa barin baƙuwar kaza ta shiga cikin nata ba sai ta yi mako biyu a ware. Da annobar ta wuce ta bi gida-gida da kwando, kowace mace sagara ɗaya. Har gidajen masu yi mata cara ta shiga. Har gidana.

Iya Barakatu, ke ce kika ciyar da 'ya'yanmu ƙwai a shekarar da muka ɗauke ki abin dariya. Ko sau ɗaya ba ki goranta mana ba.

A wannan annobar ne Dakta Kamal, likitan dabbobi da muke kira baitari, ya fara shiga gidanta zai yi wa kaji rigakafi. Ya zo da niyyar minti goma, bai fita ba sai bayan la'asar. Shi da kansa ya ba ni labari. Ya ce da ta sauko da zarurrukan nan ta fara yi masa bayanin ƙulle-ƙullen, sai ya nemi wuri ya zauna a ƙasa.

“Ya Hajja, wa ya koya miki wannan?”

“Kajin.”

“Wallahi wannan darasi ne da muka yi a jami'a, rabin ajinmu suka faɗi. Masana a Turai ne suka gano shi, sama da shekara ɗari.”

Ta ce, “Allah sarki. Ashe su ma sun sha dariya.”

Kamal ya dawo mata da wani littafi mai hotuna, na ƙa'idojin da ake bi a gasar kajin ado. Yana karantawa yana fassara mata: zanko ya tsaya a miƙe da tsini biyar, ƙafa launin dalma, layin gefen gashi ya zagaye ba tsinkewa, kada a ga ja ko ɗigo. Tana ji tana gyaɗa kai, domin kusan duk abin da ya karanto ta riga ta yanke shi da kanta a bayan katangarta. Tsinin zanko ne kaɗai ba ta taɓa ƙirgawa ba. Ta tashi ta kamo babban zakaranta, wanda take kira Gajimare, ta ƙirga. Biyar cif. Kamal ya ce lallai ta kai shi ma'arad, wato baje kolin tsuntsayen ado da wasu masu sha'awa suke shiryawa a birni kowace shekara.

Ta je. Tun da aka kawo ta amarya ba ta taɓa kwana a waje don wani abu nata na kanta ba. Ta ɗaura tob ɗinta na biki, 'yarta Widad, wadda take aure a birnin, ta raka ta. Zauren cike yake da kejin ƙarfe masu sheƙi, kaji masu gashi har ƙafa, masu tukku kamar rawani, kowanne da zobe a ƙafa da kati mai ɗauke da sunan iri da ƙasar da aka kawo shi. Ita kuwa da kwandonta na kaba. Widad ta ce da uwar ta buɗe kwandon ta ɗora Gajimare a kan tebur, ya girgiza jiki ya miƙe, hayaniyar zauren sai da ta ragu.

Shugaban lajna, wato kwamitin alƙalai, wani dattijo mai tabarau, ya ɗauke shi ya jujjuya, ya buɗe fiffike, ya busa gashin ƙirji. Ya kira 'yan uwansa suka duba. Sa'an nan ya tambaye ta da Larabci, “Ya Hajja, wane iri ne?”

“Mai kwalli.”

“Babu wannan a littafi. Daga wace ƙasa aka kawo iyayensa?”

“Daga bayan ɗakina.”

“Zobe fa? Takardar asali?”

Ta ce asali dai akwai. Ta tsaya a gaban mutane ta fara jero masa: uwarsa Hadari, uwar Hadari Dalma, ubanta Baƙin Sallah, ta yi ta tafiya baya har kaka goma sha biyu, har ta kai ga kazar da ta zo da ita daga Roseires. Kafin ta kai ƙarshe wasu samari a baya sun fara ƙyalƙyala dariya. Dattijon bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ya ce, “Ban taɓa riƙe toka mai tsabtar wannan ba. Amma ma'alesh, ki yi haƙuri, ya Hajja, baladi ne, kajin gida. Ba mu da rukuninsu. Ƙa'ida ce, ba ni na kafa ta ba.”

Ta mayar da zakaranta kwando ta fita ta zauna a gindin wata bishiyar dogon yaro da ke ƙofar zauren. A nan wani mai sayar da tsuntsaye, Abdulwahab, ya same ta. Ya durƙusa ya gaishe ta da Hausa, ya ce shi ma kakarsa Bahaushiya ce, an zalunce ta, ta ba shi aron zakaran wata guda ya hau kajinsa, zai dawo mata da shi da hannunsa. A ranar nan shi kaɗai ne ya durƙusa mata. Ta ba shi.

Wata ya wuce, shekara ta zagayo. Sai ga hoto yana yawo a wayoyin ƙauye: Abdulwahab riƙe da kofi, Gajimare a gefensa da zobe a ƙafa, an rubuta masa wani suna na Turawa, an ce daga waje aka shigo da shi. Shi ya zo na ɗaya. Wannan lajna, wannan littafi, wannan zakara.

A nan nawa laifin ya shigo. Washegari ta same ni a makaranta lokacin tara, ta tsaya a bakin taga.

“Ustaz, ka rubuta mani takarda ga lajnar nan. Kai ka iya Larabcin hukuma.”

“Iya, kofin kike so a karɓo?”

“Mi zan yi da kofi? Su gyara suna kawai. Su rubuta an haife shi Hillat Muntari. Kada ɗiyan garin ga su tashi suna jin duk abin da ya yi kyau daga waje yake zuwa.”

Na ce insha Allah, bari a gama jarrabawa. Ta dawo bayan jarrabawa na ce bari a dawo hutu. Ta sake dawowa sau ɗaya, daga nan ba ta ƙara ba. Gaskiyar maganar ita ce kunya nake ji a ga sa hannuna, ni ustaz guda, a ƙarƙashin ƙarar zakara. Takarda ce ta rabin awa. Kamal ya ce da na rubuta da ya sa hannu a matsayin shaida, kuma dattijon nan da kansa ya riƙe zakaran a hannunta, da wuya ya musa. Ban rubuta ba. Ta ci gaba da gaishe ni kullum kamar ba a yi komai ba, kuma wannan gaisuwa ta fi zagi ciwo.

Abdulwahab da ƙafarsa ya dawo bayan shekara biyu. Gajimare ya mutu a hannunsa. Ya haɗa 'ya'yansa toka da toka, duk baƙi ko mai yayyafi da ya fito sai ya yanka, yana ganin gurɓata ne, masu saye kuma suna dawo masa da ƙorafi cewa irin ba ya tsayawa. Ya tsaya a zaure yana sunkuyar da kai. Sabah, wadda ta ji shigowarsa, ta zo da muciya a hannu. Barakatu ta sa aka shimfiɗa masa tabarma, ta ba shi jabana, ta zauna ta warware masa sirrin tun daga tushe, har da yadda zai zaɓi baƙin da ya fito daga gidan kwalli mai kyau. Da ya tafi Sabah ta ce, “Ke dai ba ki da zuciya.” Ta ce, “In na hana shi, kajin za shi ci gaba da yankawa. Su mi suka yi?”

Sai yaƙi ya iso mu, a ƙarshen shekarar 2023. Ba sai na ba mutanen jiharmu ta Jazira labarin wannan ba. Da hantsi aka ce 'yan bindiga sun shiga ƙauyen da ke arewa da mu, kafin azahar kowa ya ɗaure abin da zai iya ɗauka. Widad da 'ya'yanta sun riga sun gudo daga birni suna gidan. A lokacin Barakatu tana da kaji sittin da uku, mafi kyawun da ta taɓa tarawa. Kwando ɗaya za ta iya ɗauka. Ta shiga ta wuce masu jan zare duka, ta kamo wani baƙin zakara da masu yayyafi biyu, ta tsoma hannu a laka ta shafe su.

Widad ta ɗora hannu a ka. “Iya! Kin bar masu kwalli kin ɗauko waɗannan munanan?”

“Ɗiyata, mai kyau ba ya wuce shingen 'yan bindiga. Waɗanga ba wanda za shi kalle su sau biyu, kuma duk abin da na bari yana cikin jininsu.”

Sa'an nan ta koma ta buɗe shingayen nan duka, waɗanda ta yi shekara arba'in tana hana su haɗuwa. Ta farke buhun dawa a tsakar gida, ta cika kowane kasko da ruwa. Widad ta ce uwar ba ta yi kuka ba, amma ta kira sunayensu duka kafin ta ja ƙofa.

Abin da ta faɗa shi ya faru. A shinge na biyu kan hanyar kudu aka sauke su daga babbar mota, aka karɓe wayoyi da 'yan kunne, aka janye akuyar Sabah. Ɗaya daga cikin 'yan bindigar ya ɗaga murfin kwandon da bakin bindiga, ya ga kaji uku duƙun-duƙun da laka, ya yi tsaki ya tura mata abinta da ƙafa. Kwana huɗu suka yi a hanya. Rabon ruwanta biyu take raba shi, ta kurɓi rabi ta zuba musu rabi a tafin hannu. Duk da haka ɗaya mai yayyafin ta mutu a matsin mota kafin su kai Damazin. Ta isa gidan ƙaninta da zakara ɗaya da kaza ɗaya.

Akwai abin da ba mu sani ba sai a can. Tun kafin yaƙi yanar ido ta fara rufe mata gani. An sa mata ranar aikin ido a birni, yaƙi ya riga ranar zuwa. A gudun hijira abin ya yi ta ƙaruwa. Ranar da kazar nan ta ƙyanƙyashe, matan da muka gudo tare suka cika gidan, tara ne suka fito, toka duka, aka yi ta guɗa kamar an haifi ɗa namiji. Amma da suka yi gashi, ta ɗauki ɗaya ta juya wa rana baya yadda ta saba, ta buɗe fiffike, ta daɗe a haka. Sai ta miƙa wa Widad.

“Hwaɗa mani gaskiya. Kwallin ya zagaye?”

Widad ta duba, ta amsa da Larabci cewa kyakkyawa ce ƙwarai.

“Ban tambaye ki kyau ba. A ƙirji, layin ya haɗe ko ya tsinke? Wuyan fa, akwai tsatsa?”

Widad ta sake jujjuya kazar a hannunta. A gidan ta tashi, cikin kajin nan ta yi rarrafe, amma ba ta taɓa tsayawa ta koyi duba gashi ba. Uwarta tana da suna kusan ashirin na launi da zane, da Hausar da ta gada da wadda ta ƙirƙira, Widad ba ta riƙe ko biyar ba. Ta ce ta zauna a ƙasa da kazar a cinya ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da ta baro gidanta na birni. Daga baya Sabah ce ta duba. Layin ya tsinke a ƙirjin shida daga cikin tara, uku daga cikin shidan kuma da tsatsa a wuya. Launin ya tsira, amma adon da aka yi shekara ashirin ana tacewa ya koma baya, domin zakara ɗaya da kaza ɗaya ba su iya ɗaukar duk abin da sittin suka ɗauka. Da aka gaya wa Barakatu ta ce, “Alhamdu lillahi. Uku sun haɗe. Da uku ake farawa.”

Da hanya ta buɗe muka koma gida. Shingayenta sun zama toka, ko gashi ɗaya ba ta tarar ba, zarurrukan ƙulli da ke ƙusa sun tafi tare da rufin ɗakin. Ta sa aka sake kafa shinge uku. Ta yi ƙoƙari ta ci gaba da hannu, tana shafa gashi tana tambaya, amma launi ba a jin sa a yatsa. Ran Juma'ar da ta wuce ta kira Widad da Sabah, ta miƙa musu ƙullin jan zare da kore, ta ce, “Na aje. Ku ne idona yanzu. In kun yi shakka, kore za ku ɗaura, kada ku yi gaggawar ja.” Ina wurin, domin na je neman gafara. Na ce mata takardar nan tana damuna. Ta juyo da fuskarta wajen muryata ta ce ta yafe tun ranar, amma ta ji zafi, ba za ta ɓoye mani ba. Na gode mata da ba ta ɓoye ba.

Iya Barakatu, 'yar Roseires, uwar masu kwalli. Ke ce kika zauna a bayan katangar laka kika gano da idonki abin da ake faɗuwa a kansa a jami'a. Ke ce aka kora daga zaure da zakaran da ya fi na kowa, kika koma gida kika ci gaba da wanke kasko. Mun bar ki ke kaɗai lokacin da kike gani, muka zo yabo bayan ido ya tafi. Abin da kika sani da yawa zai tafi tare da ke, kuma ba yaƙi kaɗai ya jawo haka ba, da hannunmu a ciki. Mun gode, Iya. Allah ya saka miki da alheri, ya buɗe idonki, ya jiƙan Hashim da ya yanko miki kara.

Ku kuma da kuke karanta wannan, daga Kamlin har Managil, daga nan har ƙauyukanmu na Damazin, ku duba cikin unguwarku. Akwai mai tace irin dawa, akwai mai sanin tumaki, akwai tsohuwar da ake yi wa dariya don ta ƙwallafa rai a kan abu ɗaya. Ku je ku zauna a gabansu tun suna iya nuna muku da yatsa. In akwai likitan ido a cikinku, Kamal ya ce irin wannan yanar ana cire ta, kuma Hillat Muntari ba ta da nisa da titi. Sauran kuwa, Iya tana zama a ƙofar gidanta kowace Alhamis da hantsi. Duk wanda ya zo da kwando za ta sa a zuba masa ƙwai shida, ba ta karɓar komai. Sharaɗinta ɗaya ne: in sun ƙyanƙyashe sun yi gashi, ka dawo ka zauna kusa da ita, ka gaya mata abin da ka gani.